Kofin Yaya Mai Jan Hannu

A gidanmu moɗa ɗaya ce a bakin randa. Ta silba ce, ta lotse ta gefe ɗaya tun ranar da jakin Baba ya taka ta, kuma da ita duk wanda aka haifa a gidan nan ya sha ruwa. In kun tambaye ni zan ce muku mutum dubu bakwai sun kafa baki a moɗar nan, har da wani Bature mai awon ƙasa da ya ɓata hanya. Kada ku ɗauka. Ni mutum ne da in na ga ɓera a rumbu, kafin in kai zaure ya zama kura, kafin in kai masallaci ya cinye awaki biyu. Duk ƙauyenmu an san ni da haka, ko tsagwaron gaskiya na faɗa sai an ce in rage gishiri. Amma abin da zan faɗa game da Yayana ban zuba masa ko ƙwayar gishiri ba. Da ana ragewa ma, da na rage.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, Yaya da ni, gida ɗaya, tukunya ɗaya, gona ɗaya tun bayan rasuwar Baba. Da matanmu da 'ya'yanmu da Inna, baki goma sha takwas ne. Ƙauyen namu yana arewa da Kano, inda gona ke jingine da gona, ba wani dajin da kurar tawa za ta ɓuya a ciki. In ka yi atishawa a tsakar gidanka, daga ƙauyen gaba ake yi maka addu'a. Ku riƙe wannan, domin a wuri irin namu ko ƙurji ba ya ɓoyuwa.

Yaya shi ne gonar. Ni kuwa tun ina yaro, ni da fartanya gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Sana'ata fenti: rubutun saman shaguna, bayan motoci, allon makaranta, duk ranar kasuwar Ɗambatta ina can da gwangwanayena. Kofuna kuwa wata ɗaliba ce daga wajen Rijiyar Zaki ta jefa ni ciki. Ta kawo kwali guda na fararen kofunan tangaran, ta ce ƙawarta za ta yi aure, in zana wa kowace ƙawar amarya sunanta da fure. Sai da na ɓata huɗu na gane kan abin. Za ka goge kofin da fetur ya rabu da maiƙo, ka bar faɗin yatsa biyu daga baki ba fenti don kada mutum ya haɗiya, ka bari ya sha iska kwana uku, sannan ka lallaɓi mai gidan burodi ya sa maka a tanda bayan ya kwashe burodi, lokacin da wuta ke sauka. In ka yi haka, ko da toka aka dirje shi zanen ba ya tashi. Yaya ya ga ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Wato yanzu har ruwan sha sai an yi masa kwalliya." Ya wuce ɗaukar taki.

A wannan ranin ne Yaya ya fara tari. Muka ce ƙurar taki ce. Bazara ta shigo, muka ce zafi ne. Sai riga ta fara yi masa yawa, hula ta fara sauko masa kan kunne, mutumin da ke ɗaukar buhun gero kamar matashin kai ya koma sai ya huta sau biyu tsakanin gida da masallaci. Wata rana matarsa ta ga jini a tsumman da yake tofa kaki. Ta gaya wa matata, matata ta gaya mini, ni kuma ban gaya wa kowa ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni.

Dukkanmu mun san sunan ciwon, ba wanda ya faɗa. A garinmu ba a cewa tarin fuka. Cewa ake yi, "Wane an ware masa kofi," shi ke nan magana ta ƙare. Daga ranar ba mai sa hannu a akushi ɗaya da kai, a masallaci sai ka ga sahu ya yi giɓi ta hagu da dama, abin da matarka ke soyawa na sayarwa sai ya kwana a faranti. Mun ga an yi wa wani gida haka muna samari, kuma da mu aka yi. Kafin tarin ya kashe mutumin, zaman kaɗaici a bayan danga ya riga ya gama da shi.

Ranar da abin ya zo mini har gida, da hantsi ne. Yaya ya sha ruwa a randa ya fita. Ina zaune ina wanke burushi, sai na ga matata ta kama moɗar da gefen zaninta kamar ta kama kunama, ta dirje ta da toka sau uku, ta kife a rana. Ta ɗauko wani gwangwanin madara ta ba 'ya'yanmu ruwa da shi.

"Ke, me ke nan?"

"Abin da ka gani, Malam."

"In ya juyo ya gan ki fa?"

"To ka gaya masa mana, ba yayanka ba ne? A kai shi asibiti, a ware masa abin shansa. Ni ina da goyo."

"Ni? In dubi tsabar idon Yaya in ce an ware masa kofi? Gara ki ce in je in yi wa zaki aski."

"To Inna ta faɗa masa."

Nan ma ta san ba hanya. Yaya ɗan fari ne. Shekara hamsin da ɗoriya Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ba ta yanzu da ake yi rabi da rabi ba. In tana son ya gyara mata danga, ko yana tsaye a gabanta sai ta dubi katanga ta ce, "Ku ce wa wancan danga ta faɗi." Shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, "Ku ce mata an ji." Ni ne masinja a tsakaninsu, don ni auta ne, ni ake kira da suna, ni ake ajiye wa ƙanzo.

Dabarar ta zo mini a cikin bas, ina dawowa daga kasuwa, akuyar wani tana taka mini ƙafa. In kofin mutum ɗaya aka ware, an wulaƙanta shi. In kuwa kowa aka ware masa nasa fa? Saura kaɗan in faɗo daga mota don murna. Na ce lallai Allah ya yi mini kai, mutane ne ba su gane ba. Mako na zagayowa na dawo da fararen kofuna goma sha takwas a kwali, rungume kamar jariri, na kafa sansani a zaure.

Ban rubuta suna ba, don rabin gidan ba sa karatun boko, kuma sunan Yaya ba abin da za a ajiye a gaban Inna ba ne. Mai rai ma ban zana ba, kada liman ya sa ni a huɗuba. Sai na bi kowa da halinsa. Inna carbi. Matar Yaya rediyo, don batirin bakinta ba ya mutuwa. Matata tsintsiya. Yara kuwa wannan keke, wannan ƙwallo, wannan mangwaro, wannan jirgin sama, wata sarkin kuka na zana mata albasa. A nawa na zana tabarma da matashi, kafin wani ya riga ni faɗa. Na Yaya na daɗe ina tunani, sannan na zana masa gawon da ke tsakiyar gonarmu, inda yake hutawa tun muna yara, da rassansa da ganyensa da komai. Kwana biyu na yi a kansa. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba.

Ina cikin ƙarasa shi matar Yaya ta leƙo zaure. Ni da ita akwai wasa, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin miji, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

"Ragon maza, me ake ƙullawa a nan aka hana mu wucewa?"

"Lefenki nake haɗawa, amaryata. Na gaji da jiran Yaya ya sake ki."

"Allah ya kiyashe ni da mijin da ke noma da burushi."

Ta tsuguna tana duba kofunan, ta gane nata, ta kawo mini duka da gefen mayafi. Sai ta ga mai gawon. Dariyar ta ɗauke. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan nasa ne?"

"Nasa ne."

"Ƙananan nan ba za su bambance ba." Ta rage murya. "Ka sa masa alamar da ko mai rarrafe zai gane."

Na buɗe gwangwanin jan fenti na shafe hannun kofin. Sauran goma sha bakwai hannuwansu farare ne. Ta tashi ta shige.

Ranar rabo na tara gida bayan la'asar, na hau kan turmi kamar mai neman ƙuri'a. Na ce jama'a, duniya ta ci gaba ta bar mu a bakin randa. Na ce a birni yanzu ko kyanwa da kofinta. Na ce na ji daga majiya mai tushe, duk wanda ya sha da kofin wani halin mai kofin ne zai bi shi, saboda haka wanda ya kuskura ya sha da nawa ya yi sallama da noma har abada. Aka yi ta dariya, yara na tsalle, mai albasa ta ga nata ta fashe da kuka, aka ce ka ga shaida.

Yaya na zaune a bakin ƙofarsa. Na kai masa nasa da hannu biyu, har da durƙuso. Ya karɓa ya juya shi a hankali, ya ga gawon, ya shafa shi da babban yatsa. Ya dubi jan hannun. Ya ɗaga kai ya bi kofunan da ke hannun yara da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi dariya, dariyar ta koma tari, muka tsaya muna jira ya gama.

"Allah ya yi albarka, Auta," ya ce. "Ashe sana'ar banza ma tana da ranarta."

Kwana uku na yi ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Ga abin da kofunan suka yi: sun kwantar wa kowa da hankali. Matata ta daina kama moɗa da gefen zani. Matar Yaya ta ci gaba da suyar ƙuli-ƙulinta ana saye. Maƙwabta suka shigo kallo, suka ce Auta ya kawo sabon salo, har wasu suka ce in yi musu. Ba wanda ya ce an ware wa Yaya kofi, tun da an ware wa kowa. Maganar asibiti kuwa sai ta kwanta. Bas na wucewa ta bakin titinmu kullum, tafiyar da ba ta kai dahuwar wake ba, amma muka bi shi da jiƙon sassaƙe, da ruwan maganin tari mai zaƙi na kemis, da rubutu. Dukkansu da jan kofin yake sha. Mu a ganinmu an yi maganin abin.

Ruwa ya sauka. Matar Yaya ta ce ko za a je a duba shi, ya ce bari a gama shuka. Aka gama, ya ce bari a yi noman farko. Aka yi, ya ce ai ga maimai nan ya matso. Ba wanda ya ja da shi.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, tangaran ba kayan gidan manoma ba ne. Na farko kwana biyu ya yi, akuya ta ture shi. Na biyu ya bi guga cikin rijiya. Mai jirgin sama kuwa, mai shi ne ya so ya gwada ko zai tashi. Taɓarya ta ci biyu rana ɗaya. Duk wanda ya fashe sai a share a zuba a juji, ni kuma in ruga kasuwa in sayo wani in zana, don kada a wayi gari kofin Yaya ne kaɗai ya rage. Sai da mai sayar da kofunan ya tambaye ni ko miya muke yi da su. Yara suka fara musaya, mai keke ya sha da na mai ƙwallo, aka manta da halin da zai bi mutum. Moɗa ta koma bakin randa, ba a san wanda ya mayar da ita ba. Ina zana biyu, uku na fashewa. Jan kofin kuwa ko ƙwarzane babu. Yara in sun gan shi a ƙasa sai su kewaye shi kamar garwashi. Akuyar ma kewaye shi take yi.

Shi da kansa yake wanke abinsa, ya sa a aljihun gefe na rigarsa duk inda za shi. In an fito da abinci ƙofar gida, inda maza ke haɗuwa a ci tare, sai ya zo ya zauna a gefe ya ce ya riga ya ci a ciki.

Wata rana a tsakiyar damina, gero ya kai ƙirji, na kai masa fura gona. Ba noma yake ba, ya daina iya ɗaga fartanya, zuwa yake ya zauna gindin gawo ya kalli manyan 'ya'yansa suna yi daga nesa. Ya fito da kofin na zuba masa, ni na sha a ƙwarya da ludayi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ka daina sayen kofunan nan."

Na ce wane irin dainawa, ai ni yanzu kamfani zan buɗe, har daga ƙasashen waje ana aiko mini da saƙo.

"Tun ranar da ka hau turmi na sani. Tari gare ni, ba makanta ba." Ya ɗaga kofin ta jan hannun. "Kofin da ke cikin mutane fashewa yake yi. Ka ga nawa? Sai ya binne mu duka."

Na ajiye ludayin a ƙwarya. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Wanda bai san gawo ba, itace ne mai yin komai a juye: da damina in kowa ya yi kore shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara a tsakiyar gona, sai ruwa ya ɗauke yake fara toho.

"Da ganye ka zana shi," ya ce. "Shi ma ka zuba masa gishiri."

"Zai dawo da ganyensa da kaka, Yaya."

"In sha Allahu." Ya kurɓi furar. "Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa maka. Har yau kafaɗa da kafaɗa nake tsayawa a sahu. Har yau ana sayen ƙulin matata. Aikinka ne. Na gode."

A nan ne ya kamata in ce Yaya tashi mu je asibiti, yau, yanzu, mai magana ya yi maganarsa. Maganar ta zo mini har baki. Ba kowa kusa, daga ni sai shi sai gero. Amma ya gode mini, kuma tun da nake Yaya bai taɓa gode mini a kan wani aiki ba sai ranar. Sai na ba shi labarin wani direba da ya taho da baya da baya daga Tsanyawa har Kano don motar ta ƙi yin gaba. Ya yi dariya har da hawaye. Ya yi tari, ya juya baya ya tofa, ya tura ƙasa da ƙafa. Na ga launin abin kafin ya rufe. Na ci gaba da labarin direba.

Bayan haka da kamar mako uku, wata safiya rana ta ɗan ɗaga, Yaya ya fito zai tafi gona. Bai kai tsakiyar gida ba tari ya durƙusar da shi. Wannan karon ba tsumma, ba juya baya, kowa ya gani. Muka tsaya cirko-cirko, mata da yara da ni, kowa da tazararsa. Jan kofin na ajiye a bakin ƙofarsa da sauran koko a ciki.

Sai Inna ta fito. Tsakanin ƙofarta da tasa taku goma sha biyu ne, na sha aunawa daga baya, kuma ban taɓa ganin ta taka su ba. Ta tako da sandarta, ta wuce ta gabanmu, ta sunkuya ta ɗauki kofin, ta kafa kai ta shanye kokon. Matata ta ce, "Inna!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta dafa bayansa, ta kira sunansa.

Wallahi ni na ɗauka ta manta sunan. A bakinta wani iri ya fito, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yaya, mutum mai furfura, ya ɗago ya dube ta ido cikin ido.

"Tarin fuka gare ka," ta ce da ƙarfi, yadda na bayan katanga zai ji. "Na faɗa. Wanda zai gudu ya gudu." Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma mai fenti, wasan ya isa. Je ka bakin titi ka tsayar da mota."

A asibiti aka karɓi kakinsa, aka ɗauki hoton ƙirji. Malamar da ke kula da masu tari, wata mai gilashi da ba ta da lokacin wasa, ta tambayi tun yaushe. Ni da nake mayar da ɓera kura, ranar sai na mayar da kura ɓera. Na ce wata biyu. Yaya ya ce, "Tun ana kai taki gona." Ta ƙirga da yatsu, ta dube ni ta saman gilashi.

Don in wanke kaina sai na zaro kofin daga aljihun Yaya. Na ce Malama, ba sakaci muka yi ba, tun farko muka ware masa abin sha, ga shi har da alama.

Ta karɓa ta juya shi. "Wa ya zana?"

"Ni ne."

"Ya yi kyau." Ta ajiye shi a kan tebur. "Amma ciwon nan ba ta kofi yake bi ba, Malam. Ta iska yake bi, in ya yi tari. Wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi? Taga nawa ce a ɗakin?"

Taga ɗaya ce, kuma an toshe ta da tsumma tun farkon damina don kada sanyi ya ƙara masa tari. Ni na toshe ta, da hannuna.

Ta ce maganin kyauta ne, wata shida ake sha, kuma ana warkewa sarai. Ta ce a kawo duk mutanen gidan a gwada su. Sai da Yaya ya fita ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce ciwon ya ci huhun ƙwarai, za a yi iya ƙoƙari. Ba ta ce da kun zo da wuri ba. Na so ta faɗa, ko na samu wanda zan ji haushinsa.

Aka gwada mu. A cikinmu duka mutum ɗaya aka samu, matar Yaya, mai kofin rediyo, wadda ko da kuskure ba ta taɓa kai jan kofi bakinta ba. Ta sha maganinta wata shida, ta warke. Tana nan yau, bakin nan ya fi da ƙarfi. Duk ranar da na jiwo muryarta ta kan katanga sai in tuna maganin ɗaya ne, asibitin ɗaya ne, bambancin watanni ne kawai, kuma watannin ni na cinye su da burushi.

Gari ya ji, kamar yadda Inna ta so. Wasu suka ja baya, ƙuli ya kwana a faranti. Amma liman ya zo ya zauna da shi, abokan nomansa na tun ƙuruciya suka zo, wani har da zuma a kwalba. Abin da muka ji tsoro ya zo, sai dai bai kai rabin yadda na zana shi a raina ba. Wannan ma gishirina ne.

Yaya ya sha magani mako shida. Muka zare tsumman taga, muka riƙa shimfiɗa masa a inuwar tsakar gida. Inna ta koma zama kusa da shi tana yi masa fifita, suna hira ƙasa-ƙasa, hirar shekara hamsin, ba masinja. Da jan kofin take ba shi ruwan haɗiyar magani, in ya rage ta shanye. Ya rasu ana yankan gero, wata Laraba da hantsi. Da muka dawo daga maƙabarta ta hanyar gona, gawo ya fara toho.

Inna ce ta ɗauki kofin, amma ba ta adana shi ba. Da shi take shan koko, da shi take ba jikoki ruwa, ta bar shi a ƙasa kusa da turmi, ta bar shi a bakin rijiya, ta miƙa wa mai koyon tafiya ya kai mata ɗaki. Na ce Inna zai fashe fa. Ta ce ta ji. Sai da ya shekara biyu yana yawo a hannun mutane, sannan wata rana yara biyu suka yi rigima a kansa, kowa na ja, ya faɗi kan dutsen niƙa. Na ce zan zana mata wani irinsa sak, ba za ta bambance ba. Ta ce a'a. Ta sa aka share aka zuba a juji, inda sauran suke.

Jujin gidanmu kuwa, kamar na kowa a nan, gona yake tafiya da rani. Yanzu ni nake kai takin, ni da fartanya dole ta sa mun shirya. Har yau ina zana kofuna in an kawo aikin biki, ina sa mutane dariya a kasuwa, bakin nan bai canza ba. Amma in ina huɗa, jefi-jefi sai garma ta tono ɗan farin tsingaro: rabin tayar keke, eriyar rediyo, ƙwayar carbi uku. Bana, taku kaɗan daga gindin gawo, ta tono jan hannun, fentin ko gezau bai yi ba. Mai gidan burodin nan ya iya wuta. Na goge shi da riga, na tsaya riƙe da shi. Babban ɗan Yaya ya ɗago daga can gefen gona ya ce, "Baffa, lafiya? Ko kurar ce ta fito?" Na ce ita ce, har guda biyu. Na mayar da shi inda na same shi, na ja ƙasa na rufe, muka ci gaba kafin rana ta yi zafi.